Hannuna a Kafaɗar Yaya Habu

Tun da muka kai Yaya Habu makwancinsa zama ya gagare ni. In na zauna a zaure sai in ji kamar na manta wani abu a cikin gida, in na shiga gida in rasa abin da ya shigo da ni. Jikokina sun ce tsufa ne, likita ya ce hawan jini, ni kuwa na san ba ko ɗaya. Yaran nan masu rubuce-rubuce har yanzu suna zuwa Haɗeja su same ni, su ajiye waya a gabana tana naɗar murya, su ce Baba ba mu labarin lokacin da ka shugabanci jam'iyya a ƙasa baki ɗaya, ba mu labarin rigimar da ta raba ta gida biyu, wa ya yi wa wa yankan baya. Nakan ba su abin da suka zo nema, don bakina ya saba. Amma akwai tambaya ɗaya da kowannensu yake ajiyewa sai ƙarshe, ya yi ta yana sosa ƙeya: wai me ya sa ake ce maka Ruwa Biyu? Nan nake duba sama in ce lokacin salla ya gabato.

Ƙauyenmu yana can ɓangaren Kirikasamma, inda kogi yake bajewa ya rasa gaɓa. Da muna yara ba ruwan sama ne ke gaya mana damina ta nutsa ba, ruwan kogi ne. Wata safiya sai ka farka ka ji kukan kwaɗi ya matso har bayan danga, ka leƙa ka ga fadama ta zama fari fat, ruwa yana tafe a hankali da kumfa da karmami a bakinsa. Daga ranar ƙafarka ba za ta sake bushewa ba sai kaka. Mu ne korar tsuntsu a gonar shinkafa, muna kaɗa gwangwanaye muna ihu har murya ta dushe, mu ne kai wa masunta fura a kan gora, muna iyo da ƙafa, ƙwarya a ka. Inna kuwa bandar kifi take yi, kuma hayaƙin nan ya kama kayanmu yadda har a makaranta malaminmu ke cewa yana jin zuwanmu kafin ya gan mu. Yanzu in na bi ta wurin a mota, ciyawar kacala nake gani ta fi mutum tsawo, ta cinye hanyoyin ruwan da na sani da sunayensu. Kwaɗin ma ban ji su ba, ko don ƙarar babura ce, ko kunnen ne ya tafi.

In ruwa ya janye da rani yakan bar mana babban tafki guda a gabas da gari, kifin fadama duka ya taru a ciki. Sarkin Ruwa yakan rufe shi, ba mai jefa ko ƙugiya, sai ranar da ya sa. Wannan kamun kifi na gayya shi muke kira su. Tun hantsi maza za su zagaye tafkin, kowa da komarsa ta kamun kifi a hannu da goransa a ƙugu, a shiga ruwa har ƙirji a tsaya cak, ba mai motsi. Sai Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu, a harba bindigar nan ta harba-ka-ruga, sannan a afka gaba ɗaya. Hikimar abin a yawan ƙafafu take. In mutane sun yi yawa sai su dama taɓon ƙasa, ruwa ya yi baƙi, tarwaɗa da gargaza da bargi su rasa numfashi su taso sama, kai kuma ka yi ta kwasa. Namijin da bai shiga ruwa ranar su ba, to ya shiga sahun tsofaffi ke nan, sai ya zauna a gindin giginya ya tsare wa mutane riguna.

Yaya Habu ya girme ni da kaɗan, amma a ido kamar ya haife ni. Dogo ne, baƙi, mai dariya da ƙarfi, kuma ba wanda ya kai shi nutso a garin. Da yaƙin basasa ya ɓarke ya shiga soja, ni ina kwalejin horon malamai. Mun yi shekaru muna bin labarinsa a bakin rediyon dagaci, rediyon da bai taɓa ambaton sunansa ba. Da aka gama ya dawo da akwatin ƙarfe da bargo, da dukan gaɓoɓinsa, aka yi ta barka. Dariyar ce kawai bai dawo da ita ba. Shekarun nan na bayan yaƙi ban san yadda zan kwatanta su ga yaran yanzu ba. An ce an samu zaman lafiya, amma ba abin da ya zauna. Tsofaffin soja suna yawo a tasha ba aikin yi, wasu da sanda, wasu suna magana su kaɗai. An canja mana kuɗi, tsofaffi suka rikice a kasuwa, an canja hannun tuƙi, annobar amai da gudawa ta bi ƙauyuka. Sannan fari ya zo, Fulanin da muke zaune da su suka rasa shanu har wasu suka koma noma da kuka. Kafin mu farfaɗo aka datse kogin can sama, ruwan da yake zuwa mana ba neman izini ya koma zuwa yadda aka ga dama. Da safe in ka ji kiɗan soja a rediyo sai gabanka ya faɗi, ka san an sake shugaba.

A su na farko bayan dawowarsa na gane abin da yaƙi ya yi wa Yaya. Muna tsaye a ruwa, ina hagunsa. Bindiga ta tashi, kowa ya afka, shi bai motsa ba. Jikinsa ya sandare, idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa, sai na ga gwiwoyinsa sun saki yana sulalewa ƙasa, ruwa ya kai masa baki. Na cafko shi na rungume, ina dariyar ƙarya ina cewa santsi ne. Can ya ja numfashi ya dawo, ya dube ni, ya shiga su kamar ba abin da ya faru, har ya fi kowa kamu. Da yamma muna wanke koma ya yi magana ba tare da ya ɗago kai ba.

"Sule, abin da ka gani ɗazu."

"Na'am, Yaya."

"Tsakanina da kai ne. In ya fita, gara a ce can na mutu."

Na ce ya bar shiga mana, ya jira a gaɓa sai an harba. Ya ce wane soja ne zai tsaya tsaron riguna. Shi ke nan muka rufe maganar. Daga shekarar nan, duk ranar su ina hagunsa, hannuna na dama a kafaɗarsa kamar mai jingina don wasa. In bindiga ta tashi in damƙe, in ji jikin ya yi tauri kamar itace, in riƙe har ya saki. Abin ba ya daɗewa, amma a ruwa iya ƙirji ya isa ya kashe mutum. Kuma na lura a duk shekara, wannan ce rana ɗaya da nake jin dariyarsa irin ta da.

Sai soja suka ce za su miƙa mulki, a kafa jam'iyyu. Ni a lokacin malamin firamare ne mai ɗan baki, na iya tsayawa a kan tebur in yi magana mutane su yi tafi, kuma na ji daɗin tafin, ba zan ɓoye ba. Na shiga jam'iyyar da nake ganin ita ce ta manomi da masunci. Yaya ya shiga wata daban, don tsohon hafsansu yana cikinta, shi kuwa inda hafsansa ya sa ƙafa nan yake sa tasa. Yaran yanzu suna ganin su suka ƙirƙiro gabar siyasa don suna zagin juna a waya, da yamma kuma su haɗu wurin mai shayi. Mu mahauci biyu muka yi a ƙauyen da bai fi cin akuya ɗaya a rana ba. An fasa baiko, an raba sahun Idi, mata sun raba rijiya. A gidanmu Inna ta hana maganar jam'iyya a bakin akushi, ta ce wanda ya kawo ta ya ɗauki tuwonsa ya fita da ita. Shugabanmu na yanki shi ne Alhaji Bukar, matashin ɗan kasuwa mai fataucin busasshen kifi zuwa kudu, mutum mai sanyin murya wanda ban taɓa jin ya ɗaga ta ba. Shi ya kira ni ya ce jam'iyya ta tsayar da ni takarar majalisar jiha. Ranar ban iya cin abinci ba don murna.

Ruwan shekarar ya zo kaɗan, shinkafa ta ƙone a tsaye, idon kowa yana kan tafkin. Da lokacin su ya matso sai rigima ta tashi a kan tutar wa za a kafa kusa da Sarkin Ruwa. Aka kai ruwa rana, kowane ɓangare ya ja daga ya ce ba zai haɗa ruwa da ɗayan ba. Sarkin Ruwa tsoho ne, ya yi magiya har da hawaye, ya ce rabin gari ba ya dama tafkin nan. Ba wanda ya saurare shi. Ƙarshe ya gaji ya raba: Laraba ta su Yaya, Alhamis tamu. Alhaji Bukar ya tara mu a rumfar jam'iyya ya ce ranar Laraba ko inuwar ɗanmu kada a gani a bakin tafki, wanda ya je ya sayar da mu. Kowa ya ce haka ne. Ni ma na gyaɗa kai, amma na san ranar Laraba za a harba bindiga, kuma hagun Yaya ba kowa.

Na same shi yana ɗinkin koma na ce ya haƙura da bana, ko ya ce zazzaɓi yake yi. Ya ce lafiyarsa ƙalau. Na ce to ya nemi wani cikin mutanensu ya gaya masa. Ya ɗago ya yi mini wani kallo da ya sa na haɗiye sauran maganar. Bai ce in zo ba, kuma na san har abada ba zai ce ba. Kwanakin nan na yi su kamar yadda nake yin waɗannan na yanzu, in shiga in fita. Safiyar Laraba na shirya na ce zan tafi Haɗeja wani taro, wai don kada in ji ƙarar ma. Inna tana bakin murhu tana juya kifi, ba ta ko waiwayo ba.

"Taro ko?"

"Eh, Inna."

"Su waɗanda za ka je wurinsu, in ka faɗa ruwa za su tsamo ka?"

Ban taɓa gaya mata komai ba, amma uwa ce.

"Ni dai biyu na haifa," in ji ta. "Je ka tsaya inda ka saba tsayawa."

Na tuɓe babbar riga na bar ta a kan turmi, na nufi tafki ba koma ba gora. Na tarar har sun shiga ruwa, kuma da ganin zagayen ka san bai cika ba, tsakanin mutum da mutum ya isa jaki ya wuce. Samarinsu suka hango ni suka taso, wannan ya ce ɗan leƙen asiri, wannan ya ce asiri aka aiko ni in zuba a ruwa, wani ya hankaɗe ni na faɗi a taɓo. Na tashi na ci gaba da kutsawa ban tanka ba. Yaya ya juyo daga cikin ruwa ya ce, "Ƙanena ne. Ku bar shi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na isa hagunsa na ɗora hannu, ina haki, daidai lokacin da Sarkin Ruwa yake ɗaga nasa. Bindiga ta tashi. Ban taɓa jin jikinsa ya yi nauyi irin na ranar ba, sai da na sa hannu biyu na tokare shi da ƙirjina, ina shan ruwa. Da ya dawo hayyacinsa ya zame daga hannuna ya bi sahu, ni kuma na fito na koma gida a jiƙe, gari duka yana kallona.

Kifi kuwa ba wanda ya samu na kirki. Ƙafafun Laraba ba su isa su taso da shi ba, sai dai suka firgita shi ya shige zurfi. Na Alhamis suka ƙara dagula ruwan suka fito da 'yan karfasa. Bayan kwana kaɗan kifin ya fara tasowa da kansa a mace, ciki sama, warinsa ya hana mu sakat har cikin gida. Shekarar an ci kwaɗon ganye a gidajen jam'iyyun biyu daidai wa daida.

Ni kuma aka kira ni rumfa. Alhaji Bukar yana tsakiya, ya tambaye ni cikin muryar nan tasa mai sanyi.

"Malam Sule, me ya kai ka ruwansu?"

"Wurin ɗan'uwana na je."

"Mu ma duk muna da 'yan'uwa a can. Me ya sa naka ya fi namu?"

Amsar tana bakina, jimla ɗaya ce, kuma na san in na faɗe ta za a ce Allah sarki a sallame ni da takarata. Na dubi fuskokin, na tuna mutumin da yake wanke koma kansa a sunkuye. Na ce ba ni da abin cewa. A nan aka karɓe takarar aka ba surukin Alhaji Bukar. Wani daga baya ya ce ai Sule ruwa biyu yake sha, aka kwashe da dariya, sunan ya zauna. Na ji zafin abin nan ƙwarai, zafin da har yau in na tuna sai na gyara zama. Garin ya yi mini ƙunci, na nemi canjin aiki na koma birni, kuma a can siyasa ta sake jana, ta yi sama da ni har inda ban taɓa mafarki ba.

Sunan bai bar ni ba. Duk lokacin da jam'iyya ta dare, na zauna tsakanin ɓangarori a ɗakin otal ina lallashi har muryata ta dushe, sai wani ya raɗa wa wani cewa a yi hankali da shi, tun a ƙauyensu ya saba sayar da nasa. An buga shi a jarida, an rera shi a waƙar kamfe. Na rasa abokai a kansa, sau ɗaya ma saura ƙiris ya ci kujerata a babban taro. Duk da haka in ranar su ta zo, matuƙar ina da iko da ƙafata, nakan baro ko wane zama ne in taho, har aka riƙa cewa wurin wani malami nake zuwa neman sa'a. Haka muka yi har kacala ta rufe tafkin, su ya mutu. Yaya bai taɓa yi mini godiya ba, bai kuma taɓa zaɓar jam'iyyata ba ko sau ɗaya, kuma da bakinsa yake gaya mini bayan kowane zaɓe, yana murmushi.

A ciwonsa na ƙarshe kunnuwansa sun riga sun mutu, ko tayar mota ta fashe a ƙofar gida ba ya ji. Wata la'asar ina zaune gefen katifarsa ya kamo hannuna ya ɗora a kafaɗarsa da kansa.

"Sule, ka gaya musu."

Na matsa bakin kunnensa na ce in gaya wa wa.

"Su Bukar. Ka ce tsoro nake ji. Na ɗora maka kaya, ka sauke."

Bayan an yi sadakar bakwai na zauna ina lissafa waɗanda suke rumfar nan a ranar, na ga duk sun riga mu, saura Alhaji Bukar shi kaɗai, yana nan cikin Haɗeja wurin 'ya'yansa, ido ya tafi. Na yi ta ɗaga zuwan, yau in sa hula in cire, gobe in kai bakin titi in dawo. Ranar da na daure na je, na same shi a zaure kan buzu yana jan carbi. Ya gane muryata tun daga sallama, ya yi mini ta'aziyya, ya ce Habu mutumin kirki ne. Sai na fara. Na ba shi labarin tun daga su na farko. Ya bar ni na kai aya.

"Ai mun sani," ya ce.

"Kun san me?"

"Sule, mutum kamar Habu ya sandare a tsakiyar ruwa kowace shekara, ka ce masunta ba su gani ba? Garin duka ya sani. Ba dai mai faɗa ne, don kada ya ji."

Na ce, "To da ka tambaye ni a rumfa?"

"Na san ba za ka faɗa ba, shi ya sa na tambaya. Kujerar muke so."

Ya faɗe ta ne yadda mutum zai ce gobe kasuwa. Na buɗe baki, maganganun da na tara tun ina saurayi suka taso mini gaba ɗaya. Kafin in zaɓi wadda zan fara da ita ya ci gaba.

"Shekarar da soja suka kwashe ku 'yan siyasa suka tsare, ai an yi su. Jam'iyyu sun mutu, an koma rana ɗaya. Ka taɓa tambayar wanda ya tsaya a hagunsa?"

Ban taɓa ba. Wata tara na yi a tsare a lokacin, na fito na tarar da Yaya lafiya, na gode wa Allah, ban bi ba'asi ba.

"Nauyi gare shi, ɗan'uwan nan naka," in ji Alhaji Bukar, yana shafa kafaɗarsa. "Ya kusa tafiya da ni."

Na tashi na fita ban yi masa sallama ba. Na kai har bakin titi, mai adaidaita ya tsaya yana tambayata ina za ni. Sai na juya na koma zauren na ce, "Alhaji, na tafi. Allah ya ba mu alheri."